ZAZZAƁIN LASSA A BAUCHI: ME ALƘALUMA KE NUFI?

A shekarun 2022 da 2023 da 2024, rahotannin Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka sun nuna jihohin Ondo da Edo da Bauchi ne kan gaba wajen yawan masu zazzaɓin Lassa. Mutanen Bauchi mazauna Kudu kan ji wannan labari hankalinsu ya koma gida. To, kafin a yanke hukunci, akwai tambaya biyu da masu bincike kan yi wa kowane adadi.

Ta farko ita ce, in abu biyu suna tafiya tare, lalle ɗaya ne ya haifi ɗayan? Cutar takan ƙaru daga Disamba zuwa Maris, watau lokacin hunturu da shigowar bazara. Amma ba sanyi ko ƙura ke kawo ta ba. Wani irin ɓera ne mai yawan nonuwa ke ɗauke da ƙwayar cutar a fitsarinsa da kashinsa. Masana na ganin cewa bayan girbi, in daji ya bushe aka cinna masa wuta, sai ɓeran ya biyo hatsi cikin gida. Wanda ya ɗora wa hunturu laifi zai sayi bargo, ya bar rumbu a buɗe.

Ta biyu kuwa, shin ma'aunin yana auna abin da aka ce yana aunawa? Adadin da ake jera jihohi da shi na waɗanda gwajin jini ya tabbatar ne kurum. Edo tana da asibitin Irrua, Ondo tana da na Owo, birnin Bauchi kuma yana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, duk ana gwajin a can. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 80 cikin 100 da suka kamu ba sa jin jiki sosai, kuma alamun farko sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka jihar da ba a cika gwaji ba, ƙarancin adadinta ba shaidar lafiya ba ne.

Wannan ba ya nufin cutar ƙarya ce a Bauchi. Tana nan, tana kisa. Mai aika kuɗin cefane gida ya haɗa da saƙo: a rufe abinci, a daina shanya a bakin hanya, zazzaɓin da ya ƙi jin magani a kai asibiti da wuri. Rigakafi ya fi magani.