Ɓatan Ran a ƙarƙashin ƙanƙara ba asara ba ce

A farkon watan Fabrairun 2024 wata na'ura mai suna Ran ta nutsa ƙarƙashin ƙanƙara a Antaktika, har yau ba a sake jin ɗuriyarta ba. Jirgin ƙarƙashin ruwa ce marar matuƙi, tsawonta mita 7, mallakar Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin. Masu binciken da ke cikin Araon, jirgin Koriya ta Kudu mai fasa ƙanƙara, sun neme ta da jirgi mai saukar ungulu da na'urorin sauraren sauti, daga bisani suka haƙura. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce an zuba dukiya a ruwa. Ni ban yarda ba.

Tun 1979 taurarin ɗan adam ke auna faɗin ƙanƙarar da ke shimfiɗe a kan teku, kuma sun yi aiki. Da su aka gane cewa a Satumbar 2012 ta tekun Aktik ta ragu zuwa kimanin murabba'in kilomita miliyan 3.4, ta Antaktika kuma ta sauko zuwa miliyan 1.79 a Fabrairun 2023. Sai dai faɗi daban, kauri daban. Kusan kashi tara cikin goma na ƙanƙarar da ke yawo a ruwa yana ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Tauraro irin CryoSat-2 ɗan abin da ya leƙo sama yake aunawa, sannan a ƙiyasta sauran, ga dusar ƙanƙara da ke taruwa a kai tana rikita lissafin. Jiragen ruwa kuwa, kowane matuƙi mai hankali inda ƙanƙara ta yi sirara yake bi, don haka rahoton da suke kawowa na wurare masu sauƙi ne.

A nan na'urori irin Ran suka shigo. A 2010 da 2012 an saki SeaBED, wata ƙarama mai tsawon mita 2 ta cibiyar Woods Hole da ke Amurka, a gaɓar Antaktika. Tana tafiya mita 20 zuwa 30 a ƙarƙashin ruwa, tana kai da komo layi bayan layi kamar manomi a kan kunya, tana harba sauti sama, amon da ya dawo kuma shi ke zana mata siffar cikin ƙanƙarar. Da sakamakon ya fito a ƙarshen 2014, sai ga wuraren da ƙanƙara ta karye, ta hau kan juna, ta nutsa har mita 16, alhali a da ana ɗauka galibinta ba ta wuce mita ɗaya ba. Wannan ba ƙaramin gyara ba ne, domin kauri ke nuna ko za ta jure zafin bazara ko za ta narke ta bar baƙin ruwa yana shan rana.

Haɗarin kuwa a fili yake. GPS ba ya aiki a can ƙasa. Da zarar na'ura ta shige, babu mai yi mata magana. Ita kaɗai za ta lissafa hanyarta, ta kauce wa cikas, ta nemo mafita kafin batirinta ya mutu. Idan ta samu matsala ba ta da damar tasowa, saboda rufi ne a samanta. Haka Birtaniya ta rasa na'urarta Autosub 2 a ƙarƙashin ƙanƙarar Fimbul a 2005. Da sun ja da baya a lokacin, da Autosub 3 ba ta shiga ƙarƙashin ƙanƙarar Pine Island a 2009 ba.

Ita ma Ran ba ta tafi hannu rabbana ba. A 2019 ita ce ta fara shiga ƙarƙashin ƙanƙarar Thwaites, a 2022 kuma ta kutsa kilomita 17 cikin kogon da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Dotson, ta dawo da taswirar rufinsa. Ba ɗan kowa aka tura can ba, babu uwar da aka je yi wa ta'aziyya. Abin da nake roƙon masu ba da kuɗin bincike shi ne su sa ɓatan na'ura cikin kasafi tun farko, su ƙera da yawa masu araha, kuma bayanan da suka dawo a buɗe su ga kowace jami'a, har da waɗanda ba su da jirgin zuwa Antaktika.