Takardar da Aka Gani a Tushenta

Manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, wadda ake kira burauza, irin su Chrome da Firefox, ta daɗe da wuce nuna rubutu da hotuna kawai, domin yanzu tana baje cikakkiyar takarda a gaban mai karatu ba tare da ya nemi wata manhaja ta daban ba. Galibin takardun suna zuwa ne a tsarin PDF, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993 don takarda ta riƙe siffarta a kowace na'ura, aka kuma amince da shi a matsayin ma'aunin duniya a 2008. Chrome ya soma buɗe irin wannan takarda da kansa a 2010, Firefox ya biyo baya a 2013.

Ana yawan yabon wannan ci gaba saboda sauƙi, amma sauƙin shi ne ƙaramin amfaninsa. Babban amfanin yana saman allo, wurin da adireshin shafi yake, domin wanda ya ga takarda a shafin hukumar da ta fitar da ita ya san daga inda ta fito, alhali hoton da ya yi ta yawo a WhatsApp ya bi ta hannaye da yawa, kuma kowane hannu zai iya mayar da ɗaya ta koma bakwai.

Masu zaɓe a mazaɓar tarayya ta Kankiya da Kusada da Ingawa suna da misali a kusa, wato shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC, wanda aka fara gwadawa a zaɓen cike gurbi na Nasarawa ta Tsakiya a watan Agustan 2020. Abin da ake ɗorawa a can shi ne takardar EC8A, wadda jami'in rumfa ke cikewa da hannu, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a buga hatimi, sannan a ɗauki hotonta da na'urar BVAS. Malamin makaranta a Kusada zai iya zaɓar jiha da ƙaramar hukuma da gunduma har ya iso rumfarsa, ya buɗa yatsu biyu a kan allo ya ƙara girman hoton, ya ga inda aka soke lamba aka rubuta wata a gefe, ya kwatanta da kwafin da ke aljihun wakilin jam'iyyarsa. A da, sai an rubuta takardar neman izini kafin a ga kwafin da ke hannun hukumar.

Duk da haka, gani ba ci ba ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023 sakamakon rumfuna da dama bai hau shafin a kan lokaci ba, hukumar ta ce matsalar na'ura ce, wasu hotunan kuma suka fito dishi-dishi. Kotun Ƙoli, a hukuncinta na 26 ga Oktoban 2023, ta bayyana cewa shafin na kallo ne, ba wurin tattara sakamako ba. Hukuncin bai rage darajar kallon ba, sai dai ya nuna cewa fasaha ta riga doka tafiya.

Ofisoshi ma suna baya. Matashin da ke neman shiga Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya ta Kankiya, ko wata makarantar gaba da sakandare, yakan ga sakamakonsa na NECO a wayarsa, amma al'adar neman takarda a hannu takan kai shi shagon kwamfuta ya biya kuɗin bugawa da na fotokwafi, alhali kwafin da aka buga ya fi sauƙin jabu. Jami'in tantancewa ne ya kamata ya buɗe shafin hukumar jarrabawa da kansa, hukumomin kuma su rage nauyin takardun da suke ɗorawa, domin a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, takarda mai nauyi takan cinye datar mutum kafin shafin farko ya bayyana.