Sulken da aka hana bokan daji

Tun shekarar 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, masu zama a gefen tebur suna jefa ɗan ludo mai fuska 20 suke ta jayayya a kan abu guda: in za a ƙirƙiri gwarzon wasa, labarinsa za a bi ko lissafin ƙarfinsa?

Mu dubi rukunin Duruwid, wato bokan daji mai magana da dabbobi. Littafin 'yan wasa na 2014 ya ce ba ya sa sulke ko riƙe garkuwar ƙarfe, amma bai faɗi abin da zai same shi in ya saɓa ba. Sai masu son lissafi suka ga ƙofa, tunda sulken ƙarfe ya fi na fata kare jiki. Da kamfanin Wizards of the Coast ya sabunta littafin a 2024, sai ya share haramcin.

A ganinmu an yi gyaran gangar auzinawa. Mu da muka tashi da labarin maharba mun san ba a ba mutum asiri sai da sharaɗi, kuma ranar da ya karya sharaɗin, ranar asirin ke karyewa. Wannan fargaba ita ce gishirin labarin. Kamata ya yi a bar haramcin, a sa masa farashi: wanda ya ɗaura ƙarfe ya rasa ikon rikiɗa zuwa dabba har ya tuɓe, wanda ya kiyaye kuma a ƙara masa wani abu da za a gani a takardarsa.

Magabatan wasan sun san haka, ko da yake sun wuce gona da iri. Faladin na littafin 1978, jarumin nan mai rantsuwa, dole ya ba da kashi 10 cikin 100 na abin da ya samu, ba ya mallakar kayan sihiri fiye da 10, kuma in ya aikata mugunta da gangan ya rasa matsayinsa har abada. Wasu masu jan ragamar wasa suka mai da wannan tarko, suna ɗana wa ɗan wasa zaɓi biyu da kowanne faɗuwa ne. Wannan ba ma goyon bayansa.

Amma duk wanda ya zauna kusa da irin wancan jarumi ya san shi tun kafin ya zare takobi, domin ana ganinsa yana ware ushirinsa lokacin da abokan tafiya ke rabon ganima.