KA KARƁI ALBASHINTA, KA BAR MATA GOYO!

  

Akwai wata ɓarna da ta shigo gidajen matasanmu, wadda ba ta zo da ganga ko garaya ba, shi ya sa masu wa'azi ba su cika ɗago kai su dube ta ba. Muna nufin abin da ke faruwa a shekarar farko ta haihuwa, a gidan da miji da mata duka suke aiki. A Tabanni da Kuyello da Dogon Dawa, har cikin garin Birnin Gwari, irin waɗannan gidaje sun yawaita. Ita tana koyarwa a firamare ko Islamiyya, ko tana aiki a ƙaramin asibiti, ko tana kan keken ɗinki daga safe zuwa magariba. Shi kuma malami ne, ko manomi, ko ɗan kasuwa, ko ɗan acaɓa. Kada wani ya ce kwaɗayi ne ya fitar da ita. Mutanen wannan yanki sun yi shekaru ɓarayin daji na raba su da gonakinsu. A 2021 hukuma ta katse layukan waya, ta hana hawa babur, ta dakatar da kasuwannin mako-mako. A Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, farashin komai ya tashi. Sai a Nuwamban 2024 aka yi sulhun da ya sa aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari. Gidan da ya ratso waɗannan shekaru ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, sai Allah Ya ba su ɗan fari. A nan ake gane wanda ya san Sunna da wanda ya haddace sunanta kawai. Uwa ta kwana tana jijjiga, ta tashi kafin assalatu ta hura wuta, ta wanke tsummoki, ta ɗora abin kari, ta goya yaro ta nufi makaranta, ta tsaya gaban allo yana kuka a bayanta, ta dawo ta tarar da tukunya na jiranta. Maigida kuwa da ya idar da sallar isha'i sai majalisa ko teburin mai shayi, in ya dawo yaro ya yi kuka ya ja tsaki ya ɗauki tabarma ya koma zaure. Amma ranar da albashi ya shigo, shi ne na farkon tambayar ina katin ATM ɗinta. Subhanallahi! A wane littafi aka karanta wannan rabo?

Hukuncin Allah a nan a sarari yake. A aya ta 233 ta Suratul Baƙara an ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa ga wanda ya so cikawa, kuma a cikin wannan ayar aka ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali, aka hana a cutar da uwa ta dalilin ɗanta. Suratuɗ Ɗalaƙ ta ƙara da cewa matar da aka saki, in ta shayar, sai an biya ta ladan shayarwarta. Ba mu ɓoye cewa a mazhabar Imamu Malik matar da ke cikin ɗakinta, in ba a irin gidan da ba su saba shayarwa ba ta fito, shayarwa wajibinta ce ba tare da lada ba. Amma malaman da suka faɗi haka su ne dai suka ce abinci da sutura da muhalli a wuyan miji suke, ko da matar ta fi shi dukiya, kuma abin da ta samu da guminta nata ne. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) mai sana'ar hannu ce, tana ciyar da mijinta da yaran da ke hannunta, ta aika a tambayi Manzon Allah (SAW) ko za a karɓa mata a matsayin sadaka, aka yi mata bushara da lada biyu, na zumunta da na sadaka. Ku lura da kalmar: sadaka. Ba a karɓar sadaka da zare ido. Wanda matarsa ta sayo masara da sabulu da kuɗinta, ya sani ta biya masa bashin da ke kansa ne, kuma mafi ƙarancin godiya shi ne ya karɓi yaron ta samu ta runtsa.

Sai ka ji ana cewa ai kunya ce, ɗan fari ne, namiji ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya kiran sunansa. Wannan al'ada mun gaje ta, kuma ba mu musun cewa asalinta ladabi ne ga iyaye da surukai. To amma a da, lokacin da uba yake kawar da kai, akwai kaka da goggo da matan gida goma da za su karɓa. Yau ma'aikacin da ke haya a ɗaki biyu, nesa da danginsa, in ya kawar da kai wa zai karɓa? Kunya ta zama mafakar ragwanci. Manzon Allah (SAW), wanda ya fi budurwa a ɗakinta kunya, ya ja mutane sallah yana ɗauke da jikarsa Umamatu, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Yakan shiga sallah da niyyar tsawaitawa, ya ji kukan jariri sai ya taƙaita don tausayin uwar. Da Aƙra'u ɗan Habis ya yi alfaharin cewa yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, gargaɗi ya samu a kan rashin jinƙai. Nana A'isha (RA) kuma ta shaida cewa a gida yana cikin hidimar iyalinsa ne har lokacin sallah ya yi. Ɗan'uwan da ya ɗage wando ya tsayar da gemu, madalla, ya yi daidai. Amma waɗannan hadisai ma a cikin Bukharin suke, ba a wani littafi dabam ba.

Inda abin ya fi ban haushi shi ne ranar suna. Abin da Shari'a ta nema kaɗan ne: a rana ta bakwai a yanka abin yanka, wanda a mazhabar Malikiyya guda ɗaya ne ga namiji ko mace, a aske gashin jariri a yi sadaka da kimar nauyinsa na zinariya ko azurfa, a raɗa masa suna mai kyau. A cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil, wanda malaman zaurenmu suka yi ƙarnoni suna karantarwa, mayar da wannan yanka walimar da ake tara jama'a yana cikin abubuwan da aka karhanta. Mu kuwa me muke gani? Anko, da ɗinki kala uku, da hayar rumfa da kujeru, da mai kiɗa, da bashin da za a yi wata huɗu ana biya daga albashin mutum biyu. Kwana goma bayan an watse, ƙauri ya ƙare, maijego ta koma tuwo da miyar kuka lami, alhali a jikinta yaron yake ci. Kuɗin rumfa kaɗai da ya saya mata wake da ƙwai da kifi na makonni.

Haka nan abubuwan da ake yi wa uwa da ɗa da sunan gado. A matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne abincin farko da Allah Ya tanadar wa jariri, cike da abin da ke kare shi daga cuta. A ɗura masa ruwa da jiƙe-jiƙe tun ranar farko. A kira wanzami ya cire beli da askar da ba a dafa ba. A dinga antaya wa maijego kunun kanwa, ana yi mata wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa a wannan ƙasa tamu, suka kuma danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin da ake gasa jiki da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar nono zalla wata shida, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu, wato iyakar da Alƙur'ani ya riga ya ambata. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida suke samun nono zalla. Mace mai aiki ita ta fi shiga wannan tarko. In ba a ba ta hutu ba, ba a bar ta ta je da yaron ba, sai koko tun yana wata biyu, ko madarar gwangwani da ake tsinkawa da ruwan rijiya don ta kai ƙarshen wata. Daga nan sai gudawa, daga gudawa sai tamowa.

Mun san amsar da wasu 'yan'uwa suka tanada: ta ajiye aikin mana, ta zauna a ɗakinta. Wadda ta zaɓi haka, mijinta kuma ya iya riƙe ta, ta yi abu mai kyau kuma babu mai zarginta. Amma masu wannan magana su ne za ka ji suna kumfar baki in namiji ya duba matarsu a asibiti. To, wa zai karɓi haihuwa a Tabanni da tsakar dare, a lokacin da ba mai yarda ya hau hanya zuwa babban asibitin Birnin Gwari? Wa zai karantar da 'ya'yanmu mata? Ungozoma mai ilmi da malama mai ilmi farilla ce ta kifaya a kan al'umma, kuma ba daga sama za su faɗo ba, matan wasu ne, masu ciki da goyo. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman zamaninsa da suke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u, matar aure mai 'ya'ya, ita ta kafa tsarin 'yan taru da jajis suke bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Ba daga Turawa muka aro wannan ba.

Saura masu ɗaukar aiki. Malaman tarihi sun kawo cewa wata rana ayarin fatake ya sauka a Madina, Sayyidina Umar (RA) da Abdurrahman ɗan Aufu suka kwana suna gadinsu. Umar ya yi ta jin kukan wani jariri, ya je ya yi wa uwar magana har sau uku. Ita kuwa ba ta san shi ba, ta ce yaye shi take son yi da ƙarfi, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba kuka ya rinjayi karatunsa, yana idarwa ya sa aka yi shela cewa kada a gaggauta yaye, an yanka wa kowane abin haihuwa rabonsa tun daga ranar da aka haife shi. Shugaba ke nan da ya gane cewa dokarsa ce take cire nono daga bakin yaro, ya canza ta kafin rana ta fito.

A 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwa na ma'aikatanta mata wata shida. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan an yi musu haihuwa. Dokar ƙwadago ta ƙasa, a sashe na 54, ta ba mace mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta cika wata shida a wurin aikin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Abin kunya shi ne a sami makarantar kuɗi mai ɗauke da sunan sahabi a allonta, mai ita yana zama a sahun farko, amma malama ta haihu a ce ta dawo da an yi arba'in ko a ba wata gurbinta, a kuma hana ta shigowa da goyo wai yana ɓata tsarin aji. Gwamnatin da ba ta yi da'awar bin Sunna ba ta ba da wata shida, mai da'awa ya kasa ba da uku! Muna kira ga kwamitocin makarantu na rassanmu da su rubuta hutun haihuwa a cikin takardar ɗaukar aiki, su ware ɗaki guda mai tabarma da randa inda wata dattijuwa za ta zauna da jarirai a biya ta, malama ta leƙo ta shayar tsakanin darasi da darasi. Wannan ya fi a ciro yarinya 'yar shekara tara daga aji a mai da ita 'yar raino, a gyara karatun 'ya'yan wasu da kashe nata.

Akwai kuma mas'alar da kusan ba mai ambatonta, alhali tana iya rushe aure bayan shekara ashirin. Uwa ta tafi aiki ta bar jariri wurin yayarta ko matar wan miji ko maƙwabciya mai goyo, ya yi kuka, ita kuma don tausayi ta ba shi nono. Wannan halal ne, Manzon Allah (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi. Amma yana da hukunci. A mazhabar Imamu Malik, duk nonon da ya isa cikin yaro a cikin shekara biyun shayarwa, ko tsotso ɗaya ne, ya haramta aure kamar yadda nasaba take haramtawa. Imamu Shafi'i ne ya shardanta sau biyar. Matar ta zama uwarsa, mijinta ya zama ubansa, 'ya'yansu duka, na gaba da na baya, sun zama 'yan'uwansa, har da waɗanda mijin ya haifa da wata matar. A ƙasar da auren zumunci ya yi yawa kamar tamu, waɗannan su ne ainihin gidajen da za a je neman aure gobe. Saboda haka duk wadda ta shayar da ɗan wata ta faɗa wa iyayensa a ranar, uban kuma ya rubuta sunan yaron da na matar da na mijinta da kwanan wata, a gaban shaidu biyu, ya ajiye takardar tare da katin rigakafin yaron, ya kai kwafi wurin limamin unguwa.