Lafiyar Matasa A Faskari: A Fara Da Abin Da Ke Hannu

Duk lokacin da masu tsara shirin lafiyar matasa suka sauka a Faskari, Ƙanƙara ko Sabuwa, tambayoyinsu ba sa canzawa. Yara nawa ne ke shan ƙwaya? 'Yan mata nawa ne suka bar makaranta? Su cika takardunsu, su koma Katsina ko Abuja kafin la'asar saboda halin da hanya take ciki. Abin da ake rubutawa game da ɗan shekara 15 a wannan yanki shi ne illarsa, kamar ba shi da komai sai ita.

Ba wanda ke musun cewa illar tana nan. A watan Disamban 2020 aka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka yi ta kora su a ƙafa cikin daji, sai bayan kwana shida aka sako su. A watan Yunin shekarar aka kashe mutane da dama a Kadisau. A 2021 aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni, aka katse layukan waya. Yaron da ya balaga a cikin wannan hali ya ga abin da manya ma suka kasa ɗauka. Ga kuma kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigowa da shi da sarrafa shi a maganin tari a 2018, da tiramol da sauran tarkace.

To amma shirin da aka gina a kan lissafin illa kaɗai, ƙarshensa lacca ce a ƙarƙashin rumfa, a raba riguna da ruwan leda, a ɗauki hoto, a watse. Matashin da aka kira taro domin a faɗa masa cewa shi lalatacce ne ba zai sake dawowa ba, kuma yana da gaskiya.

Alhali kuwa akwai abin ginawa a kai. Kusan kowace unguwa a Faskari da Daudawa da Mairuwa da 'Yankara tana da makarantar Islamiyya ko ta allo, inda yara ke taruwa kullum ba tare da an biya su kuɗin mota ba. A can ake karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, inda ake bayanin tsarki da wanka da haila. Wato maganar da jami'in lafiya yake jin nauyin buɗewa, malama ta daɗe tana yin ta da ɗalibanta, iyaye kuma sun yarda da ita. Abin da ya rage shi ne a zaunar da wannan malama da ma'aikaciyar jinya, a ƙara mata sani kan ƙarancin jini, da haɗarin haihuwa a gida ba tare da awo ba, da rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Nijeriya a 2023. Kalma ɗaya daga bakinta ta fi fasta ɗari da aka liƙa a bangon asibiti.

Haka nan 'yan agaji, waɗanda suka saba da ɗaukar marasa lafiya da tsara sahu a Idi da jana'iza. Haka ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na unguwanni, domin mai horas da yara ya riga kowa sanin wanda ya fara shaye-shaye. Al'adar gayya ma ba ta mutu ba. Samarin da ke haɗuwa su nome gonar dattijo za su iya haɗuwa su yashe magudanar ruwa kafin damina ta kawo kwalara.

Wannan ƙasa ta riga ta ga misali. A 2003 jama'a a Arewa suka juya wa allurar shan-inna baya saboda rashin yarda da masu kawo ta. Ba a shawo kan lamarin ba sai da aka koma ga sarakuna da malamai da masu unguwanni da matan da ke shiga gida-gida, har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa an kawar da ƙwayar cutar ta asali.

Sai dai a yi hattara. Kada mahukunta su fake da cewa al'umma tana da ƙarfinta su zare hannu. Malama ba za ta yi ƙarin jini ba, ɗan agaji ba zai tsare hanyar Sheme ba. Asibiti da magani da ma'aikata da tsaro haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma sa matasa aikin sa-kai shekara da shekaru ba ko sisi, alhali wasu na cin kuɗin shirin a ofis, zalunci ne.

Saboda haka kafin a rubuta wani sabon shiri, kwamitin lafiya na kowace mazaɓa ya fara ƙirga makarantu da ƙungiyoyi da masu sana'ar da ke koyar da yara a yankinsa. A ba samari kujera a kwamitin, a ba 'yan mata tasu ta hannun malamansu mata, a tambaye su ranar da za su iya zuwa asibiti da irin ma'aikacin da ba sa jin kunyar gaya wa damuwarsu. Yaran da suka dawo daga hannun 'yan bindiga da waɗanda aka raba da ƙauyukansu, da su ya kamata a fara.