Alkawarin Shiga Ikilisiya a Amurka: Zumunci ne ko Kuwa Takardar Lauya?

Daga Wakilinmu

A cikin majami'u da dama na ƙasar Amurka, musamman na ɗarikar Baftis, halartar sujada kowace Lahadi ba ta isa ta mai da mutum ɗan ikilisiya ba. Sai ya halarci aji, dattawa sun gana da shi sun ji shaidar tubansa, an tabbata an yi masa baftisma, sa'an nan a miƙa masa takarda ya sa hannu. A cikin takardar zai ɗauki alkawarin zuwa sujada, da ba da baiko, da tsare kansa daga alfasha, da kuma miƙa wuya ga horon dattawa idan ya kauce. Wannan takarda ita ake kira alkawarin ikilisiya, kuma ta jawo gardama mai zafi a tsakanin Kiristocin ƙasar.

Abin ba sabo ba ne. Turawan Ingila masu tsananin ibada da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun kafa ikilisiyar garin Salem a shekarar 1629 a kan irin wannan alkawari, watau jama'a su yarda da juna cewa za su yi tafiya tare a gaban Allah. A mulkin Massachusetts na wancan zamani, daga 1631, wanda ba ɗan ikilisiya ba ne ba shi da ikon jefa ƙuri'a. Da 'ya'yansu suka girma, da yawa suka kasa ba da shaidar tuba irin wadda ake bukata, sai a 1662 aka yi sassauci: a yi wa 'ya'yan irin waɗannan mutane baftisma, amma su kansu ba za su ci jibin Ubangiji ba. Shahararren malamin nan Jonathan Edwards, da ya nemi ya tsananta sharaɗin cin jibi, jama'arsa ta Northampton ta sallame shi a 1750 bayan ya yi musu hidima fiye da shekara ashirin. Su kuwa Baftis, alkawarin da J. Newton Brown ya buga a 1853 shi ya fi bazuwa a cikinsu, har da sharaɗin ƙaurace wa sha da sayar da giya.

Daga baya al'adar ta yi sanyi, takardar ta koma abin maƙalawa a bango. Abin da ya farfaɗo da ita shi ne lissafi. Babbar tarayyar Baftis ta Kudancin Amurka ta kai mambobi miliyan 16.3 a 2006, amma masu zuwa sujada ko rabin haka ba su kai ba. A 2024 mambobin sun ragu zuwa kimanin miliyan 12.7, masu halarta a mako kuwa miliyan huɗu da ɗoriya. Duk ma'aikacin da ya taɓa duba rajistar albashi ya tarar da sunayen da babu masu su zai gane damuwar shugabannin nan. Saboda haka taron tarayyar na 2008 ya zartar da ƙudurin cewa majami'u su tsabtace rajistarsu, su nemo waɗanda suka ɓace. Fasto Rick Warren na majami'ar Saddleback a Kalifoniya ya yaɗa tsarin aji da sa hannu ta littafinsa na 1995, shi kuma Mark Dever na birnin Washington, da ƙungiyarsa ta 9Marks, ya dage a kan cewa ikilisiya ba ta da lafiya sai ta san 'ya'yanta, ta kuma iya horonsu.

Hujjarsu tana da ƙarfi, babu shakka. Ƙungiyar da ba ta san iyakarta ba, ba za ta san wanda ya kwanta ciwo ko wanda ya shiga wahala ba. Amma akwai wani dalili na biyu wanda ba a cika faɗarsa a kan mumbari ba, shi ne tsoron kotu.

Tun 1872, a shari'ar Watson da Jones, Kotun Ƙolin Amurka ta ce hukuma ba ta tsoma baki cikin hukuncin da ikilisiya ta yanke a kan al'amuran addininta, domin wanda ya shiga, ya shiga ne da yardarsa. To, idan ya fita fa? Wannan tambaya ta taso a ƙaramin garin Collinsville na Jihar Oklahoma a 1981. Dattawan wata majami'a sun tuhumi wata mata da zina, suka ce za su sanar da jama'a in ba ta tuba a fili ba. Matar ta rubuta musu takardar janyewa daga ikilisiya, ta roƙe su kada su ambaci sunanta. Dattawan suka ce a koyarwarsu ɗan ikilisiya kamar ɗan gida ne, ba ya murabus. Suka karanta laifinta a gaban taro, suka kuma aika wa majami'u huɗu na maƙwabta. Matar ta kai ƙara, a 1984 masu taya alƙali yanke hukunci suka ba ta diyyar dala 390,000. A 1989 Kotun Ƙolin jihar ta raba maganar biyu: abin da dattawa suka yi kafin ta janye, tsarin mulki ya kāre su, abin da suka yi bayan ta janye, babu kāriya, domin 'yancin shiga addini ya haɗa da 'yancin fita. Sai dai kotun ta bar ƙofa guda, cewa mutum yana iya sarayar da wannan haƙƙi idan ya yi haka da saninsa.

Ta wannan ƙofa lauyoyi suka shigo. Aka riƙa ba majami'u shawara su rubuta sharuɗɗan horo dalla-dalla, mamba ya sa hannu, wasu har da sharaɗin cewa ba a karɓar murabus daga wanda ake cikin bincikensa. Takardar da kakanni suka yi domin ƙulla zumunci ta zama kuma garkuwa a gaban alƙali, alhali mai sa hannu sau da yawa fuska ta farko kaɗai aka nuna masa.

An ga inda wannan ke kaiwa a 2015 a majami'ar The Village da ke kusa da Dallas a Jihar Texas. Wata mamba tana aikin mishan tare da mijinta a gabashin Asiya a ƙarƙashin ƙungiyar SIM, wadda masu karatu suka sani domin ita ce ta haifi ikilisiyar ECWA a ƙasar nan. Mijin ya amsa cewa ya daɗe yana kallon hotunan batsa na ƙananan yara, SIM ta sallame shi. Matar ta nemi kotu ta warware auren, ta kuma miƙa takardar barin majami'ar. Dattawa suka ƙi karɓa, suka sa ta a horo, bisa hujjar cewa alkawarin da ta sa wa hannu ya wajabta mata ta bi matakan sulhu a hannunsu kafin ta raba aure. Mijin kuwa ba a sa shi a horo ba, don an ce ya tuba. Aka kuma aika wa dubban mambobi wasiƙa a kan maganar. Da surutu ya yi yawa a ƙasa, babban faston, Matt Chandler, ya fito a ƙarshen watan Mayu ya nemi gafara, daga baya aka sake ta.

A ganina, aibin bai tsaya ga tsananin sharuɗɗan ba, gama kowace ƙungiya tana da ikon gindaya nata. Takardun nan galibi suna lissafa wajibai a kan dattawa kamar yadda suke lissafawa a kan mambobi, amma idan saɓani ya taso, dattawan da ake ƙorafi a kansu su ne masu fassara takardar, su ne kuma alƙalai. A majami'ar Baftis ta gargajiya taron mambobi duka ne ke yanke hukuncin karɓa da kora, wanda hakan wani birki ne. A manyan majami'un zamani masu dubban jama'a wannan iko ya koma hannun mutane ƙalilan, kuma da yake kowace majami'ar Baftis cin gashin kanta take yi, babu bishop ko wata majalisa ta sama da za a ɗaukaka ƙara zuwa gare ta. Ikon tarayyar bai wuce ta yanke hulɗa da majami'a ba, kamar yadda ta yi wa Saddleback ɗin kanta a 2023 saboda naɗa mata fastoci.

Har ila yau akwai sharaɗin da ke cewa mamba ba zai kai ikilisiya ƙara ba, sai dai a yi sulhu a cikin gida, bisa gargaɗin Manzo Bulus ga Korintiyawa game da kai ɗan'uwa gaban alƙalan waje. Wannan sharaɗi ya sake jawo wa The Village magana a 2019, sa'ad da wata yarinya da iyayenta mambobi ne ta yi zargin cewa wani ma'aikacin majami'ar ya ci zarafinta a sansanin yara. Ta shigar da ƙarar neman diyyar fiye da dala miliyan ɗaya. Masu gabatar da ƙara na gwamnati sun janye tuhumar da suka yi wa mutumin a 2020, majami'ar kuma ta sasanta da mai ƙarar a 2022 ba tare da an kai ga yanke hukunci ba.