Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Gudajin Ɗanyen Mai da Aikin Jami'o'inmu

Duk macen da ta taɓa dafa madara a Ruwan Bago ta san cewa idan tsami ya ɗiga a ciki sai ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji. To, mai karatu, irin wannan tsinkewa tana samun ɗanyen mai, kuma a ganina ba mu ba ta muhimmancin da ya kamata ba.

Ɗanyen mai tarin sinadarai ne, wasu marasa nauyi, wasu masu nauyi. Mafi nauyinsu shi ne asfaltin, wato baƙin sinadarin nan da ke cikin kwalta, wanda Bafaranshe Boussingault ya raɗa wa suna a 1837. Muddin sauran sinadaran da ke kewaye da shi suna riƙe da shi, yakan zauna a warwatse. Amma da zarar matsi ya ragu a rijiya, ko aka gauraya man da wani mai tsinkakke wanda bai dace da shi ba, sai ƙwayoyinsa su manne wa juna, su dunƙule, su kwanta, har su toshe bututu.

Abin lura shi ne, yawansa ba shi ne ma'aunin haɗarinsa ba. Alal misali, man Boskan na Benezuwela yana da kusan kashi 17 cikin 100 na asfaltin amma yana zaune lafiya, alhali man Hasi Mas'ud na Aljeriya, wanda nasa bai kai kashi 1 ba, ya sha toshe rijiyoyi.

Wannan lamari ya shafe mu. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 an tsara ta ne don ta tace tsinkakken man gida da kuma kakkauran man waje na yin kwalta da man juye. A 2022 kuma an ƙaddamar da aikin Kolmani a tsakanin Bauchi da Gombe. Duk ranar da man Arewa zai haɗu da wani mai a bututu ko tanki, tilas a san halinsa tukuna.

Saboda haka ina kira ga sassan ilmin sinadarai na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su sa awon daidaituwar ɗanyen mai cikin binciken ɗalibansu. Tushen awon mai sauƙi ne: a riƙa ɗiga sinadarin heftan cikin man har a ga inda gudaji ya fara. Kuɗin wannan bai kai na yashe bututu ɗaya ba. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya sa mu gane.